Kafin Ki Rataya Zanen Lilo, Dubi Rufin Ɗakinki

A makon nan za mu ɗan ajiye zancen girki da ɗinki, mu ɗauko wani abu wanda da yawa daga cikinku ba su taɓa gani ba sai a cikin waya. Dalili kuwa, wata takarda ce ta zo mini daga wata 'yar'uwarmu da ke koyon aikin jinya a Ingila. Ta ce ta sayi irin sandar ƙarfen nan da matan can su ke kafawa a tsakiyar ɗaki suna motsa jiki a kanta. Ta yi wata takwas tana koyo, har ƙarfin damtsenta ya kai ta ɗaga jikinta ta tsaya a sama. Yanzu kuma ta ga waɗansu suna rataya dogon zane a kan sandar suna lilo da shi, abin ya ba ta sha'awa, har ta riga ta sayi zanen. Tambayarta ita ce, yaya za ta ɗaura shi? Ta ƙara da cewa ɗakin haya ne, ba ta da ikon huda rufi.

Amsar da na ba ta gajeriya ce: kada ki ɗaura. Amma na ga ya kamata in bayyana dalili a fili, domin na san 'yammatanmu na makaranta suna kallon irin wannan wasa, kuma yau abin da mutum ya gani a waya da safe, kafin wata ya mutu ya iya sawa a kawo masa shi har ƙofar gida.

Bari mu fara da asalin abin. Wasanni biyu ne dabam dabam aka haɗa. Na farko hawan sanda. Wannan tsohon abu ne. A ƙasar Indiya akwai wasan da su ke kira mallakhamb, wanda 'yan kokawa su ka ƙago don horad da jiki. Gungumen itace ne a ke shafe shi da man zurman, a hau a yi ta juyi a kai, har jihar Madhya Pradesh ta mai da shi wasanta na jiha a shekarar 2013. Mutanen Sin ma suna da nasu dogayen sanduna na 'yan wasan tsalle-tsalle. Ta ƙarfen nan mai santsi kuwa, a gidajen rawa na dare a Amurka da Kanada ta yi suna, shi ya sa har yau waɗansu ke yi mata kallon banza. Daga baya mata su ka ɗauke ta su ka mai da ita abin motsa jiki. An kafa mata ƙungiyar duniya a 2009, aka yi gasar duniya ta farko a birnin Landan a 2012.

Na biyu shi ne wasan zane. Ana rataya dogon ƙyalle daga can ƙololuwar rufi, ya sauko gida biyu, mai wasa ta hau, ta naɗe jikinta da shi, sa'an nan ta sake ta gangaro kamar za ta faɗo, zanen ya riƙe ta. Ƙungiyar 'yan wasan Kanada mai suna Cirque du Soleil, wadda aka kafa a 1984, ita ta yaɗa shi ga duniya, musamman da wasanta Quidam na 1996. Turawa suna kiransa siliki, amma ba siliki ba ne. Zaren nailan ne ko foliyesta, an saƙa shi musamman don ɗaukar mutum.

To, ku lura da abu guda. Gungumen Indiyawa a ƙasa a ke kafa shi daram. Sandunan mutanen Sin da wayoyin ƙarfe a ke ɗaure kawunansu. Zanen 'yan wasa kuwa daga manyan ƙarafan gini ya ke saukowa, kuma akwai mutanen da ba su da wani aiki sai duba waɗannan ƙarafa. Ita fa sandar 'yar'uwarmu, me ya riƙe ta?

Ba kome sai matsi. Irin wadda a ke sayarwa don ɗakin haya ba ta da ƙusa ko guda. Tana da faifai a ƙasa, da wani faifan mai faɗi a sama mai roba a bakinsa. A tsai da ita, a yi ta murɗa wani sukuru har ta ƙara tsawo, ta tokare daɓe da rufi. Kamar dai yadda ki ke tokare ƙofa da taɓarya. Muddin tana tokare, tana tsaye. Ran da matsin ya ragu, ko aka ja kanta gefe da ƙarfin da ya fi na robar nan, sai faifan ya zame, sandar ta zo ƙasa tare da wadda ke kanta.

Masu ƙera ta sun yi lissafinsu a kan mace wadda ta rungumi sandar. Jikinta na manne da ƙarfen, yawancin nauyinta yana bin sandar ya sauka ƙasa. Da an sa zane kuwa, lissafi ya sake. Wurin da a ke maƙala zanen can sama ne, dab da faifan. Ita kuma mai wasan ba ta rungume da sandar, ta yi nesa da ita, tana kewaya ta kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Duk nisan da ta yi, kan sandar ta ke ja gefe. Ga misali. A ce nauyinki kilo 60 ne, kin ɗauke ƙafafunki daga ƙasa kina kewayawa, zanen ya karkace ya kai rabin tsakanin tsaye da kwance. A wannan lokaci ƙarfin da ke jan kan sandar gefe ya yi daidai da nauyinki duka, kilo 60, shi kuwa zanen yana ɗauke da abin da ya kai kilo 85. Har wa yau akwai wani mugun abu. Sa'ad da nauyinki ke danna sandar ƙasa, matsin da ke tsakanin faifan sama da rufi raguwa ya ke yi. Watau a daidai lokacin da ki ke jan kanta gefe, a lokacin ne kamunta ya fi rauni.

Wannan kuwa in kina tafiya sannu ne. Ba mu zo maganar fizga ba tukuna.

Wadda ta taɓa jan ruwa a rijiya ta san wannan. Igiya takan ɗauki guga cike da ruwa shekara da shekaru in ana ja a hankali. Amma ran da gugan ya kuɓuce ya yi ƙasa, ki ka cafke igiyar farat ɗaya, ko dai ta tsinke, ko ta saɓule miki fatar hannu. Nauyin ruwan bai ƙaru ba, tsayawar ce ta zo da ƙarfi. Haka jikin mutum ya ke a kan zane. Ko taƙi ɗaya ki ka zame zanen ya cafke ki, abin da maratayin ya ji ya ninka nauyinki. In gangarowar nan ce irin ta 'yan wasa, ninkin ya fi haka nesa. Shi ya sa masu sana'ar rataye mutane su ke da ƙa'ida: kowane abu da ke cikin jerin, daga rufi har zuwa zane, ya zama zai iya ɗaukar ninki 10 na abin da za a ɗora masa kafin ya karye. A Amurka da yawa daga cikinsu ba su amincewa da maratayi sai wanda zai ɗauki fam 2000, kusan kilo 900 ke nan, don mutum guda tak.

Saboda haka in maigida ya kama zanen ya ɗan rataya, ya sauko ya ce, "Ai ya yi ƙarfi, tun da ya ɗauke ni," ki yi masa godiya, amma kada ki hau. Shi ya gwada guga ne a hankali.

Yanzu sai ku ce, ashe ba a haɗa zane da sanda ke nan sam? Ana haɗawa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin farko shi ne sandar ta zama kafaffiya, an ɗaure kanta da noti a jikin kankare ko babban gungumen da ke ɗauke da gini. Ba magini kawai za a tambaya ba, injiniyan gini ne zai zo ya duba ya ce wurin zai ɗauka. Akwai kuma wata iri mai tsayawa da kanta a kan wani faffaɗan dandamali mai nauyi, ba ruwanta da rufi. Ita kuma abin tsoronta kifewa, domin kanta a sake ya ke. Ko wace iri ce, ki nemi takardar da ta zo da ita ki karanta da kyau. In maƙerinta bai rubuta cewa an yarda a sa mata zane ba, to ki ɗauka bai yarda ba.

Sharaɗi na biyu, ba a ɗaura zane a jikin sanda da ƙulli, yadda mu ke ɗaura igiyar shanya. Ƙarfen santsi gare shi, ƙullin zai zame ya biyo ki. Akwai wata ƙawanyar ƙarfe da a ke ƙera don wannan aiki kaɗai, tana damƙe sandar, tana da kunnen da a ke maƙala ƙugiya. Kamfanin X-Pole yana yin tasa, sunanta Silkii. Sandunan nan kaurinsu ba ɗaya ba ne, akwai mai milimita 40, da mai 45 wadda ta fi yawa, da mai 50. Ƙawanyar da aka yi don kauri guda ba za ta kama wani ba, ko da a ido kin ga kamar ta zauna. Kuma kada a kai hotonta wurin mai walda a ce ya yi irinta. Ba raina sana'arsa na yi ba. Zai iya yin wadda ta fi ta kyau, amma ba shi da na'urar da zai ja ta har ta karye don ya gaya miki iyakarta.

Tsakanin ƙawanya da zane akwai ƙananan ƙarafa, kuma a nan ne na ke so ku buɗe kunne. Akwai ƙugiya mai 'yar ƙofa, wadda a ke kira karabina, irin ta masu hawan duwatsu. Ta ƙwarai tana da makulli a ƙofarta, kuma an buga lambobi a bayanta tare da haruffan kN. Kowane kN guda ya yi kusan nauyin kilo 100. Za ki ga lamba babba, 20 ko fiye, ita ce ƙarfinta in an ja ta ta tsawonta. Kusa da ita akwai ƙarama, wajen 7, ita ce ƙarfinta in ta gicce, ko ƙofarta na buɗe. Kun gani, gicciyewa kaɗai ta kan cinye kashi biyu cikin uku na ƙarfinta. Waɗanda a ke sayarwa a kasuwa don rataya mabuɗi kuwa, kamanninsu ɗaya da na gaske, amma ba su da lamba, kuma ba su ɗaukar ko ɗan akuya.

Kada ku ga kamar ina tsananta magana. Ran 4 ga Mayu, 2014, a garin Providence na Amurka, 'yan wasan Ringling Brothers suna cikin wasa a gaban jama'a. Mata takwas ne aka rataye da gashin kansu a jikin wani ƙarfe mai kama da laima, aka ɗaga su sama. Ƙugiya guda ce ke riƙe da su duka, ta baƙin ƙarfe, wadda ƙarfinta ya ninka nauyinsu sau da yawa. Sai ta tsage, su ka zubo ƙasa, ƙarfen ya biyo su. Duk sun ji ciwo, biyu daga ciki sun sami mummunan rauni a laka. Da hukuma ta bincika, sai ta tarar an maƙala wa ƙugiyar zobba biyu a ƙasa, watau ana jan ta ta wuri uku maimakon biyu. Waɗannan fa ƙwararru ne, da ma'aikatansu da kayansu masu tsada. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Ban da ƙugiya akwai wani ƙarfe mai siffar lamba 8 wanda a ke sarƙafa tsakiyar zanen a jikinsa, don kada ƙarfe mai kaifi ya ci ƙyallen. Wani lokaci a kan ƙara da majuyi, don zanen ya riƙa warware kansa. Yadda a ke sarƙafa zanen kuwa ba zan rubuta a nan ba. Abu ne da sai malamar da ta sani ta nuna miki hannu da hannu, ta kuma duba naki.

To, a ce duk wannan ya cika. Har yanzu abin da za ki yi a ɗaki ƙanƙane ne, kuma gara ki sani tun da wuri. Rufin ɗakin kwana bai fi ƙafa 8 ko 9 ba. Wuraren da a ke koyon gangarowa kuwa rufinsu ya kan ninka wannan, ko ya fi. A ɗaki sai dai miƙe jiki, da zama a cikin zane, da kewayawa a hankali kusa da ƙasa. Gangarowa babu ita ko kaɗan. Ko rufin ya ɗauka, ga ƙasa kusa, ga kuma sandar ƙarfe a gefenki tana jiran kanki ko haƙarƙarinki. A kwashe gado da tebur da madubi, ki miƙe a ƙarshen zanen ki zaga, ki tabbata ko yatsan ƙafarki ba ya taɓa kome. A shimfiɗa katifar faɗuwa, irin mai kauri mai rami a tsakiya wadda ke kewaye gindin sandar. Tabarma da darduma ba su hana karaya. In sandar mai juyawa ce, ki tuna duk lokacin da ki ka janyo jikinki kusa da ita gudunta ƙaruwa ya ke yi, jiri kuwa ba ya sallama.

Shi kansa zanen yana son kulawa. Kafin ki hau, ki ware shi a gaban haske ki bi shi taƙi taƙi, ki nemi huji ko wurin da zare ya ja. Ki cire zobe da awarwaro da sarƙa da 'yan kunne, kada kuma ki sa tufa mai zif. Ki sa riga mai rufe hammata da wando mai rufe bayan gwiwa, domin nailan ya kan ƙone fata in ya zame da sauri. Ɗankwali mai jela da gashin da ba a tufke ba su kan shiga tsakanin zane da sanda. Ranar da za ki yi wasa, ban da man shafawa. In za a wanke zanen, ruwan sanyi, a shanya a inuwa, gama rana tana cin ƙarfin nailan ko da ido bai gani ba. Kuma a nesanta shi da kaskon turaren wuta. Garwashi guda ya ishe shi.

Abin da na fi nanatawa shi ne, kada ki hau ke kaɗai a gida. Zane ya kan sarƙe mutum, ya bar shi kai a ƙasa, ko ya shaƙe masa ƙirji, hannuwa kuma su gaji kafin ya warware. Wadda ke tare da ke ta zama babba, mai ƙarfin da za ta tallafe ki. In aka yi tsautsayi wani ya faɗo ta kai, ko ya ce wuyansa na ciwo, ko hannu ko ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ce za a miƙe masa wuya, kada a kai shi wurin mai ɗori. A riƙe kansa yadda ya ke, a nemi ma'aikatan asibiti. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon idon nan da a ke kira gilakoma, kada su juya kai ƙasa sai sun ga likita.

Ku kuma na gida, da ke tunanin sawa a kawo muku, ku ɗaga kai ku dubi rufinku. Yawancin ɗakunanmu abin da ido ke gani silin ne kawai, na katako ko na roba ko na farin siminti, an manna shi a jikin 'yan siraran katakai, bayansa kuwa iska ce har zuwa kwano. Irin wannan ko sandar kaɗai ba ya riƙewa, ana murɗa ta za ta huda shi. Rufin azara da ƙasa ma haka, ba a yi shi don a tokare shi daga ciki ba. Sai kuma ƙugiyar fanka. Na san ita ce za ta fara zuwa a ran kowace yarinya, tun da ga ta a tsakiyar ɗaki kamar don haka aka sa ta. An sa ta ne don fanka mai nauyin 'yan kilo kaɗan, wadda ba ta tsalle, kuma ba wanda ya san zurfin da ta shiga cikin kankaren. Iyaye mata, in kun ga 'yarku tana kallon ƙugiyar nan tana kallon zanen gado, ku yi magana tun kafin ta ɗauko kujera.

Gidan da ke da ƙananan yara kuwa, an gama wasa a sauke zanen a ninke a kulle a akwati. Yaro zai ga lilo ne, ya sa kansa a ciki ya juya, kuma shaƙewa ba ta da ƙara, kina iya kasancewa a madafa ba ki ji kome ba.

Ita 'yar'uwarmu ta Ingila, shawarar da na ba ta ita ce ta bar sandarta yadda ta ke, ta ci gaba da abin da aka yi ta dominsa, tana duba tsayuwarta da matsinta duk ran da za ta hau. Zanen kuma ta ɗauke shi ta tafi da shi makarantar da a ke koyar da wasan, gama a manyan garuruwan can ba su da wuyar samu, kuma rufinsu an riga an auna shi. In ta ƙware har ta ga lalle sai ta yi a gida, akwai wani firam mai ƙafafu wanda a ke ƙera don zane kaɗai, yana tsayawa da kansa, ana kwance shi a ajiye, ba ya taɓa rufin mai gida. Ya fi ƙawanya tsada nesa ba kusa ba. Na ce mata ta fara adashi.